Hantar Akuyar Kirsimeti

Salamar Ubangijinmu Yesu Kiristi ta kasance tare da ku duka. Iyayena dattawa, iyayena mata 'yan zumunta, matasa, ina gaishe ku cikin sunan Mai Cetonmu. Halleluya!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hannatu, ni ce mai ɗinkin nan ta kasuwar Gudu. Wasunku ɗinkina ne a jikinsu yanzu haka, wasu kuma sun sha zagina a zuci saboda na ce Laraba sai ta koma Asabar. Ku yafe mini, halin tela ne.

Da yawanku kun san an yi mini tiyata a Kirsimetin bara. Kun yi mini addu'a daga garuruwanku, Allah ya saka muku da alheri. Amma cuta biyu na shiga da su asibitin nan, guda ɗaya kawai likita ya gani. Ta biyun ce ta tsayar da ni a gabanku yau, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kishi ne, 'yan'uwa. Kishin ƙanena Dauda, wanda muka sha nono ɗaya.

Mu biyu ne a wajen Baba. Mama ta rasu Dauda yana rarrafe, Baba kuma bai sake aure ba. Birkila ne, yana cikin waɗanda suka zo Abuja tun ana zuba harsashin gine-ginen da muke wucewa ta gabansu yau. Ya gina wa mutane benaye, shi kuma ya koma Karshi ya gina mana ɗaki biyu da falo. A nan muka girma. Shi ne uwa, shi ne uba, har kitso ya taɓa gwada yi mini, sai da matan unguwa suka ji tausayina suka karɓe.

Dauda da sikila aka haife shi. Wanda ya taɓa zama da mai wannan ciwo ya san abin da nake faɗa. Yaro yana wasa lafiya lau, kafin ka juya yana birgima a ƙasa yana cewa ƙashinsa ake sara. Idan sanyin Disamba ya shigo kuwa, sai dai mu riƙe numfashi.

To, a gidanmu akwai wata al'ada. Da an gama Ista, Baba zai je kasuwar Karshi ya sayo 'yar akuya, mu kiwata har Kirsimeti. Ranar Kirsimeti da safe maƙwabcinmu Malam Sani, wani bakatsine mai sayar da hatsi, zai shigo da wuƙarsa ya yanka mana. Baba ba ya yanka da kansa. Ya ce in ba Malam ne ya yanka ba, maƙwabtanmu Musulmi ba za su ci ba, kuma shi bai ga amfanin naman da maƙwabci ba zai sa hannu a ciki ba.

Ana gama fiɗa, tun kafin a ɗora tukunya, Baba zai zare hantar. Zai gasa ta da kansa a kan garwashi, ya barbaɗa gishiri da yaji, ya yanyanka ta a faranti. Ƙamshin nan ya cika gida har ya tsallaka katanga. Daga nan sai ya ɗaga murya ya ce, "Dauda, zo."

Kullum "Dauda, zo." Ya zaunar da shi a gabansa yana ba shi a baki, yanka bayan yanka, wai hanta tana ƙara jini.

Ni ce fa mai yankan ciyawar akuyar nan! Ni ce mai share kashinta, ni ce take ja a ƙasa in ta tsinke igiya, ni ce kuma mai wankin hanji ranar yanka. Kada in yi wa Baba ƙarya a ɗakin Allah: nama ina samu, har cinya sukutum ya sha ajiye mini. Amma ni ba cinya nake so ba. So nake sau ɗaya a ce, "Hannatu, zo."

Wata shekara na kasa daurewa, na tsaya a kansu na ce, "Baba, ni fa?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ke ai kina da lafiya, Hannatu."

Wannan magana ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru. Mutane na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke, ni kuwa na yi fushi da ita. Na ɗauke ta laifi ne da aka kama ni da shi. Akwai Kirsimetin da na kwanta na lulluɓa da bargo ina nishi, na ce ƙafata ke ciwo. Baba ya zo ya taɓa goshina, ya matsa ƙafar, ya yi murmushi, ya ce in tashi in ɗebo ruwa. Na tafi rijiya ina kuka, ina cewa a raina da ma ni ce mai sikilar. Allah ya gafarta mini wannan bakin!

Sai kuma batun jini. Kun san yadda asibitocinmu suke aiki. Ko da jini a ajiye, ba za su saka wa naka ba sai ka kawo wanda zai ba da madadinsa. Saboda haka Baba ya mai da jikinsa rumbun Dauda. Da damina ta ɗauke zai fara shiri: zogale, ganyen ugu, wake, alayyafo, kamar mai kiwon kansa. In wani a ikilisiya ya zo neman taimakon jini a wannan tsakanin, Baba zai bi shi gida-gida har a samu mai bayarwa, amma nasa sai ya dafa damtsensa ya ce, "Ku yi haƙuri, wannan na Dauda ne." Maganar har ta zama abin tsokana a unguwa. Kowa na dariya, ban da ni.

Ranar aurena, ana shirin fara rawa, na nemi Baba na rasa. Ciwon Dauda ya tashi, sun tafi asibiti. Ranar da na haifi 'yata Jummai na zubar da jini sosai, aka ce a kawo madadi. Baba bai daɗe da bayarwa saboda Dauda ba, ba za a karɓi nasa ba, sai ya ruga ya kawo samari biyu daga cikin mawaƙan ikilisiya. Na samu jini, na rayu, na rungumi 'yata. Amma kun san abin da na riƙe? Ban riƙe gudun da tsohon nan ya yi ba. Abin da na riƙe shi ne, ko a bakin mutuwa, jinin ubana ba nawa ba ne.

Kuma duk wannan babu wanda ya sani. A fili ni ce yayar kirki. Ni ke ɗinka wa Dauda rigunan sanyi, ni ke miƙa sunansa a taron addu'ar mata, har da hawayena. Shi kuwa ya girma ya zama mutum mai sanyin hali, yana gyaran waya a Karshi, kullum "Yaya, sannu, Yaya, na gode." Wallahi wannan ladabin nasa ma haushi yake ba ni. Na fi son ya yi mini rashin kunya in samu abin kamawa.

A farkon bara Baba ya tara mu ya ce matar da ke ɗiban jini a asibitin da suke zuwa ta yi masa magana. Ta ce shekarunsa sun kai iyaka, sau ɗaya ya rage masa, daga nan ba za su sake karɓar nasa ba. Ya faɗa yana murmushi, amma na ga yadda ya kalli Dauda. Tun daga ranar ya riƙa lallaɓa jikinsa kamar mai ɗauke da ƙwai, yana ajiye wannan na ƙarshen saboda sanyin Disamba.

Ni kuma a lokacin nawa jikin ya fara ba ni labari. Lalura irin ta mata, zubar jini da ba ta tsayawa a kan ƙa'ida. Maigidana Bitrus ya yi ta fama in je asibiti, ina cewa sai bayan biki. Kun san Abuja a 'yan shekarun nan, ko'ina gini, ko'ina biki, kowace ƙungiya da ankonta. Shagona ya cika da atamfa da leshi har ba wurin taka ƙafa. Jiri na ɗibata ina taka keke, in sha ruwa in ci gaba.

Ana jibi Kirsimeti na faɗi a kan keken ɗinki, da rigar wata a hannuna.

Na farfaɗo a gadon asibiti. Likita ya ce ƙari ne a mahaifata, jinina ya yi ƙasa ƙwarai, dole a yi aiki kashegari. Amma ba za su taɓa ni ba sai an kawo madadin leda biyu. Bitrus ya miƙa hannu nan take aka ɗebi ɗaya. Saura ɗaya.

'Yan'uwa, ku da kanku kun san abin da Abuja ke zama ana jibi Kirsimeti. Garin ya watse! Bitrus ya kira wannan, ya ce yana tashar Jabi, mota ta kusa cika. Ya kira wancan, ya ce sun wuce Akwanga. Shugaban matasa yana Kafanchan, mawaƙa suna Jos. Har masu sayar da jinin nan da ke zaman bakin ƙofar asibiti sun tafi ƙauyensu cin shinkafa. Ba na zargin kowa, ni ma da ina da lafiya da ina cikin mota.

Da la'asar sai ga Baba daga Karshi, da tsohuwar kwat ɗinsa da fulas ɗin kunu a hannu. Ya ja kujera ya zauna, ya kama hannuna, ya sunkuyar da kai ya fara addu'a. Sai na zare hannuna.

Na ce, "Baba, ba addu'a ce ta rage ba. Jini ne ya rage."

Ya buɗe ido ya dube ni.

Na ce, "Amma na sani, naka na Dauda ne. Ka koma gida ka ajiye masa. Mu masu lafiya ai ba ma mutuwa."

A gaban mijina na faɗa, a gaban matan da ke sauran gadaje. Baba ya miƙe. Ya ajiye fulas ɗin a kan durowa, ya ɗauki hularsa, ya fita. Na juya fuska bango na ce a raina, da ma na sani, ya tafi wajen ɗan lelensa.

Bayan wani ɗan lokaci Bitrus, wanda ya bi bayansa, ya dawo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Maman Jummai, jini ya cika. Gobe za a yi aikin."

Na ce, "Wa aka samu?"

Ya ce, "Kin san wanda aka samu."

Ya ba ni labari cewa matar ɗakin ɗiban jinin ta gane Baba, don asibitin da suke kawo Dauda ke nan. Ta riƙe allura ta ce masa, "Baba, ka tuna fa, wannan shi ne las, na ƙarshe ke nan. Idan yaronka ya zo kuma fa? Ga sanyi ya shigo." Baba ya naɗe hannun riga ya ce, "'Yata, wanda ya ba ni su biyu ya san jiki ɗaya gare ni. Ɗebi. Na Dauda yana hannunsa."

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin da ya fi mini wuyar faɗa. Kuna tsammanin na yi kuka? Kuna tsammanin na ce a kira mini Baba in roƙe shi gafara? Ko kaɗan. Daɗi na ji! Wani irin sanyi ya ratsa ni, zuciyata tana cewa, na ci! Yau dai na ci! Na ƙarshen ma, wanda aka yi shekara ana tattali, ni aka ba. Da wannan murnar aka tura ni ɗakin tiyata, mace da 'yarta, mai jagorar addu'a a zumuntar mata.

Aiki ya yi kyau, yabo ga Ubangiji. Ranar Kirsimeti da hantsi na dawo cikin hayyacina sosai. Ina jiyo waƙoƙin haihuwar Mai Ceto daga rediyon wata mai jinya, ina kallon ƙofa, ina jiran Baba ya shigo ya zauna kusa da ni, ni kaɗai. Shiru. Rana ta ɗaga, shiru. Sai tsohon ciwon ya motsa. Na ce, to, an ba ni jini an sallame ni, an koma gasa wa ɗan lele hanta.

Ina cikin wannan ƙunƙunin wata nas ta zo canja mini ledar ruwa, tana hira da abokiyar aikinta, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce, "Wannan tsoho ya ba ni tausayi fa. Shekaranjiya ya ba da jini, yau ya kawo yaronsa emajensi. Yana ta roƙo wai a ɗiba daga ɗayan hannun, wai wancan ba a taɓa shi ba."

Kunnena ya yi dum. Na kira Bitrus, na ce ya dubi Allah ya faɗa mini gaskiya. Ya ce tun da safe aka kawo Dauda, yana ɗakin maza, idanunsa sun yi fari fat, ko magana ba ya iyawa. Ana bukatar madadi. An ƙi karɓar na Baba, an ƙi karɓar na Bitrus, gari kuma babu kowa. Ya ce Baba yana zaune a kan benci a waje, ya daina roƙon mutane, bakinsa ne kawai ke motsi.

Wayyo, 'yan'uwa! Ga nasarata ta iso. Abin da na yi shekaru ina ƙishirwa an ba ni, ga kuma kuɗinsa an kawo mini har gado: ran ƙanena. Yaron da na goya. Yaron da ya fara kiran sunana kafin ya iya cewa Baba. Sai a lokacin na tuna cewa ni ma ina sonsa, kishi ne ya zauna a kan son kamar kaza a kan ƙwai, har na manta yana nan.

Na so in durƙusa, ɗinki ya hana ni. A kwance na yi addu'ar, ban damu da wanda ke ji ba. Na ce, "Ya Yesu, kai ka san abin da ke cikina, wanda wuƙar likita ba ta kai gare shi ba. Na yi kishin mai ciwo. Na yi murna da abin da aka cire daga bakin ɗan'uwana. Kada ka bar ni da wannan nasarar, ba na sonta! Ubana ya ce na Dauda yana hannunka. Ni ban isa in roƙe ka komai ba, amma kada ka kunyata tsohon nan. Ka buɗe hannunka, ya Ubangiji."

Na yi kuka har ɗinkin ya riƙa ja na. Ina cikin kukan na ji wani abu ya sake ni a ƙirji, abin da ya shaƙe ni tun ina yarinya. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Na dai ji na huta, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ashe a can Karshi Allah ya riga ya tashi nasa manzon. Malam Sani ya shigo gidanmu da safe da wuƙarsa kamar yadda ya saba, ya tarar da ƙofa a buɗe, akuya a ɗaure tana kuka, babu kowa. Ya tambaya aka faɗa masa. Ya mai da wuƙar gida, ya bi ta kasuwa ya ɗauko ƙaninsa da wani abokin cinikinsa, suka shigo mota.

Bitrus yana wurin lokacin da suka iso. Ya ce Malam Sani ya tsaya a kan Baba yana faɗa kamar zai dake shi. "Haba Dattijo! Haba! Shekara nawa ina yanka maka akuya, iyalina suna cin shinkafarka, yau abu ya same ka sai a bakin mutane zan ji?"

Baba ya ce, "Malam, kaina ne ya ɗaure. Duk wanda na kira ya tafi gida."

Malam ya ce, "To mu ina muka je? Mu ai Kirsimeti ba ta kai mu ko'ina ba. Ina wurin ɗiban?"

Kun ji wautarmu? Mun bi sunayen 'yan ikilisiya kaf, muna kuka gari ya watse, alhali rabin garin yana nan zaune a shagunansa. Ba mu tuna da su ba, Allah ne ya tuna mana. Kafin la'asar an ɗaura wa Dauda jini. Kafin rana ta faɗi ya buɗe ido ya nemi ruwa. Ku ɗaga murya ku ce Halleluya!

Kashegari Malam Sani ya yanka akuyar, matarsa ta dafa, aka raba wa unguwa kamar kullum. Ni kuma na matsa wa Bitrus sai ya kai ni in ga Dauda. Ya roƙi izini, ya tura ni a keken marasa lafiya har ɗakin maza. Na kama hannun ƙanena na riƙe gam. Shi ne ma ya ce, "Yaya, sannu. Ya jikin?"

Muna haka sai ga Baba ya shigo da 'yar samira a ƙulle cikin ɗankwali. Tun kafin ya buɗe na ji ƙamshin hantar da ya gasa da kansa. Ya zauna a bakin gadon, ya kwance ƙullin, ya ɗauki yanka ɗaya. Ya dubi Dauda, ya dube ni. Sai ya ce, "Hannatu, zo."

Ga ni a keke, ina zan zo? Bitrus ne ya matsar da ni. Baba ya miƙo hantar saitin bakina. Abin da na jira tun ina 'yar firamare! Na buɗe baki ke nan sai nas ta hango mu daga ƙofa ta daka tsawa: "Madam, kar ki gwada! Dokta ya ce ruwa-ruwa kawai!"

Dauda ya fashe da dariya yana riƙe haƙarƙari. Ni ma na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na ce, "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka. Amma don Allah ka gaya mini, me ya sa ko sau ɗaya ba ka taɓa ba ni ba?"

Ya mai da yankan cikin samira. Ya ce, "Hannatu, hanta a gidana ba kyauta ba ce, magani ce. Wanda nake tsoron rasawa nake ba. Duk shekarar da na wuce ki da ita, godiya nake yi wa Allah a zuciyata, ina cewa ga guda ka bar mini da zan kalla in ji sanyi. Ban san ciwo nake ji miki ba. Yau da na kira sunanki, dubi hannuna."

Na duba. Rawa yake yi.

Sai ya juya zai ba Dauda. Dauda ya kau da kai ya ce, "Baba, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, don Allah kada ka ba ni. Ni ban taɓa son hanta ba."

Baba ya saki baki.

Dauda ya ce, "Da ruwa nake haɗiye ta don kada ranka ya ɓaci. Yaya, ina cinta ina hango ki ta ƙofa kin ci ado kin bi ƙawayenki yawon Kirsimeti, kina shan lemo mai ƙanƙara, ni an naɗe ni da rigar sanyi an ce kada in fita. Ke ce fa nake kishi. Da za a yi musanya, da tuni na ba ki hantar har da akuyar."

Ku duba aikin Shaiɗan! Gida ɗaya, yara biyu, kowa na leƙen kwanon ɗan'uwansa yana haɗiyar yawu.

To ga hanta a samira tana hucewa, ni an hana ni, Dauda ya ƙi. A nan ne na dubi Baba da kyau, irin kallon da na daɗe ban yi masa ba. Leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mu biyu an ƙara mana jini. Shi kaɗai ne a cikin mu uku aka ɗiba ba a mayar ba.

Na karɓi samirar, na ɗauki yanka ɗaya, na ce, "Baba, buɗe baki."

Ya ja da baya ya ce, "A'a, ni ai ina da lafiya."

Na ce, "Na san wannan maganar, Baba. Ba ta ƙoshar da kowa. Buɗe."

Ya dubi Dauda ko zai cece shi, Dauda ya ce, "Dokar gidanka ce. Wanda ake tsoron rasawa ake ba."

Sai tsohon nan ya buɗe baki kamar ƙaramin yaro na saka masa. Ashe tun rasuwar Mama bai taɓa ɗanɗana hantar akuyarsa ba. Ya tauna a hankali, hawaye na bin gemunsa. Can sai ya yamutsa fuska ya ce, "Kai! Gishiri ya yi yawa. Dauda, haka kake ci duk shekarun nan ba ka faɗa ba?"

Har marasa lafiyar da ke sauran gadaje sai da suka yi dariya. Ban bar shi ba sai da ya cinye ta tas.

'Yan'uwa, ga Baba can zaune a layin dattawa yana sunkuyar da kai, ga Dauda can baya kusa da ƙofa. Ga ni tsaye da ƙafafuna. An cire mini ƙari biyu, ɗaya da wuƙar likita, ɗaya da hannun Yesu. Ubana na duniya leda ɗaya ta rage masa, ya bayar bai san inda ta ɗayan ɗan za ta fito ba. Shi ya sa yanzu in aka ce Ɗan Allah ya ba da jininsa dukka dominmu, ba na jin maganar kamar dā.

In akwai wanda ke zaune a nan yana ganin Allah ya wuce shi da faranti ya kai wa wani, ina roƙonka kada ka yi irin wautata. Ba ka san abin da mai cin yake haɗiyewa da shi ba. Wataƙila wucewar da aka yi maka ita ce alherin. Ka dogara gare shi, ya san yawan 'ya'yansa, kuma hannunsa ba ya ƙarewa kamar namu.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana, na gode wa Malam Sani da mutanensa, Ubangiji ya sa albarka a rumbunansu. Akuyar bana tana can ɗaure a Karshi, ta yi ƙiba, kuma roƙona shi ne Baba ya wuce ni da hantarta har abada.

Makon jiya likita ya gwada ni, ya ce jinina ya dawo, zuwa Disamba zan iya bayarwa. Shi ya sa kuka ga na dami masu ganye a kasuwar Gudu, kullum zogale, kullum ugu. Saboda haka in bukata ta taso wa wani a cikinku, zan rufe shago in bi shi gida-gida har mu samu mai bayarwa. Amma wannan da ke damtsena, ku yi haƙuri. Wannan na Dauda ne.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!